Friedenstein da Maginan Ƙashi

Duk wanda ya taɓa karaya, ko ya yi jinyar mai karaya, ya san ba maɗori ne ke haɗa ƙashi ba. Nasa shi ne ya ja, ya daidaita bakin karayar, ya jera karare ya ɗaure, sannan ya ce a yi haƙuri. Likitan ƙashi ma, da filastarsa da ƙusoshinsa, iyakarsa ke nan. Jiki ne ke yin haɗin da kansa, kuma ba ƙaramin aiki yake yi ba: fata idan ta yanke da zurfi sai ta bar tabo, amma abin da ke cike gurbin karaya ƙashi ne na gaske. Ko babu karaya, ƙasusuwa 206 da ke jikin baligi kullum cikin rushewa da sabuntawa suke, ana sauya kimanin kashi 10 cikin 100 a kowace shekara. Ƙwayoyin halittar da ke zuba sabon ƙashin kuwa ba sa daɗewa a bakin aiki, 'yan watanni ne. Ashe akwai inda ake samo sababbi, tun daga yarinta har tsufa.

Wanda ya nuna wa duniya wannan wuri shi ne Alexander Friedenstein, masanin kimiyya na Tarayyar Sobiyet. An haife shi a Kiev a 1924, ya rasu a 1997, kuma mafi yawan shekarun aikinsa ya yi su ne a Cibiyar Gamaleya da ke Mosko. Kayan aikinsa ba su taka kara sun karya ba: ɓeraye, zomaye, ɓeran Masar, allura, farantan gilas, da madubin ƙara girman ƙananan abubuwa. Abin da ke burge ni game da shi ba kaifin ido kaɗai ba ne. Ya iya tsara gwaji ta yadda, in amsa ta fito, mai gardama ba shi da sauran ƙofar da zai ɓullo.

Ya faro daga wani abin mamaki da Charles Huggins ya gani a Amurka a 1931: idan aka yanko tantanin cikin mafitsarar kare aka dasa shi a bangon cikinsa, sai ƙashi ya tsiro a gefensa, a wurin da ƙashi ba shi da hurumi. Friedenstein ya daɗe yana bibiyar wannan a jikin ɓeran Masar, har ya fito da wani bambanci da ya riƙe tsawon rayuwarsa. Akwai ƙwayoyin da ba sa zama ƙashi sai an ingiza su, kamar yadda tantanin mafitsara ke yi, akwai kuma waɗanda yin ƙashi ɗabi'arsu ce, ba sa jiran umarnin kowa. Na biyun ya shiga nema, kuma a ɓargo ya neme su.

A lokacin hankalin kowa yana kan ɓargo, amma don jini. A 1961 James Till da Ernest McCulloch sun nuna a Toronto cewa akwai uwar ƙwaya a ɓargo wadda jinin jiki ke fitowa daga tsatsonta, ilimin da dashen ɓargo ya dogara a kansa, har da wanda ake yi wa masu sikila a yau. Sauran ƙwayoyin da ke cikin ɓargo, waɗanda ba na jini ba, ba a cika kula su ba. An dai san tun ƙarni na 19 cewa gutsuren ɓargo, in aka dasa shi a wani sashe na jiki, yakan haifar da ƙashi. Sai dai wa ya yi ƙashin? Mai yiwuwa ɓurɓushin tsohon ƙashi ne ya biyo ɓargon. Mai yiwuwa kuma ƙwayoyin dabbar da aka yi wa dashen ne suka taru suka yi aikin, ɓargon kira kawai ya yi.

Amsarsa ta farko, wadda aka buga a 1966, wani ɗan ƙaramin akwati ne mai bango na matata. Ramukan matatar ba su kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba, don haka ruwan jiki da abincin da ke cikinsa suna ratsawa, amma ƙwayar halitta ba ta iya shiga, ba ta iya fita. Sai ya wargaza ɓargo ƙwaya-ƙwaya, ya zuba a ciki, ya liƙe, ya binne akwatin a kogon cikin dabba mai rai. Bayan makonni da aka ciro aka yanka, ƙwayoyin jinin sun mutu, amma ga ƙashi kwance a ciki. Tunda babu baƙon da ya shiga, mai yin ƙashin yana cikin waɗanda aka kulle tun farko. Ya kuma lura cewa ƙashin ba ya fitowa sai ƙwayoyin da aka zuba sun kai wani cunkoso.

Gwajin da na fi so shi ne na ƙoda. Ƙoda tana lulluɓe da wani siririn tantani mai sheƙi, wanda duk mai gyaran kayan ciki ya san yadda yake saɓulewa. A jikin ɓera, ƙodar gaba ɗayanta ba ta wuce ƙwayar wake ba. Ana sumar da ɓeran, a tsaga gefen bayansa kaɗan, a turo ƙodar waje a hankali, a riƙa jiƙa ta da ruwan gishiri don kada ta bushe. Sai a huda tantanin da bakin ƙarfe mai tsini, a ɗaga shi a yi ɗan aljihu, a cusa ɓargon, a mayar da ƙoda a ɗinke. Hannu ya ɗan yi nauyi, tantanin ya yage; ya ɗan nutsa, jini ya ɓalle. An zaɓi wurin ne don jini na wadatar da shi, tantanin na riƙe abin da aka sa, kuma ƙoda ba ta yin ƙashi don kanta. Cikin 'yan makonni sai ga ɗan ƙashi manne a jikinta, mai ɓawo a waje da rami a ciki, ramin kuma cike da ɓargo yana ta haifar da jini.

A rahotonsa na 1968 Friedenstein ya bi asalin kowane ɓangare, ta amfani da dabbobin da ake iya bambance ƙwayoyinsu. Ƙashin na dabbar da aka ɗebo ɓargonta ne. Ƙwayoyin jinin da ke ciki kuwa na dabbar da aka yi wa dashen ne, sun biyo magudanar jini suka zo suka zauna. Wato magini daban, 'yan haya daban: waɗanda aka dasa sun gina gida, masu unguwa suka tare a ciki. Wannan ya nuna zuriya biyu ce ke zaune a ɓargo, kuma ta jini ba ta zama sai inda ta ƙashi ta shirya mata. Shekaru goma bayan haka, a 1978, Raymond Schofield a Manchester ya fito da ra'ayin cewa kowace uwar ƙwaya tana da gurbi na musamman da ke riƙe ta, ra'ayin da ya zama ginshiƙi a wannan fanni.

Saura a kama maginin shi kaɗai. Dabarar da ya bayyana a 1970, tare da Chailakhyan da Lalykina, sauƙinta ne abin sha'awa. Ana wanko ɓargo daga ƙashin cinya da allura, a zuba a faranti cikin ruwan reno. Yawancin ƙwayoyin jini ba sa kama gilas, sai a ɗauraye su. Wasu 'yan tsiraru kuwa suna mannewa, su baje. Kwanakin farko ba sa motsi, kamar babu abin da zai faru. Daga nan sai su fara rabuwa, cikin mako ɗaya zuwa biyu farantin ya cika da ɗigo-ɗigon gungu da ido ke iya gani in an sa musu rini. Ƙarancinsu ya kai a sami ɗaya cikin dubu goma, ko ma cikin dubu ɗari, na ƙwayoyin ɓargo.

A nan ma bai yarda da abin da ido ya gani kawai ba. Gungu zai iya zama 'ya'yan ƙwaya ɗaya, zai kuma iya zama tarkacen da suka haɗu wuri guda. Sai aka gauraya ɓargon namiji da na mace a faranti ɗaya, aka duba kiromosom na kowane gungu, aka tarar ko dai duk na namiji ne ko duk na mace. Aka kuma ga cewa in an ninka yawan ƙwayoyin da aka shuka, yawan gungun ma ninkuwa yake yi. Kowane gungu uwarsa ɗaya.

Sannan ya yi abin da, a ganina, shi ne zuciyar sana'arsa: ya mayar da su jiki. A 1974 ya nuna cewa ƙwayoyin da aka rena a faranti, bayan an raba su da duk wata ƙwayar jini, in aka cusa su ƙarƙashin tantanin ƙoda, sai su sake gina ƙashi mai ɓargo. 'Yan uwansu da aka reno daga saifa, waɗanda a madubi kamarsu ɗaya, ba su yi ƙashi ba. Daga baya ya riƙa dasa zuriyar gungu ɗaya-ɗaya, ya ga wasu suna ba da ƙashi, wasu ƙashi da guringuntsi, wasu zare-zaren nama kawai. Kama a ido ba ta tabbatar da komai, sai an ga abin da ƙwaya ta gina.

Zamanin yaƙin cacar baka ne, kuma ko da yake ya buga aikinsa da Turanci, bai samu karɓuwar da ta kamace shi da wuri ba. Maureen Owen ta Oxford na cikin waɗanda suka ɗauke shi da muhimmanci; ta maimaita gwajin akwatin a kan zomaye, kuma a 1988 suka rubuta maƙala tare a kan waɗannan iyayen ƙwayoyi. A 1991 Arnold Caplan na Amurka ya raɗa musu sunan da ake taƙaitawa MSC, sunan ya bazu, kamfanoni suka shigo. Daga nan aka fara ganin irin sakacin da Friedenstein ya guje wa. Sai a ɗebo ƙwayoyi daga kitse ko cibiya, a jiƙa su da sinadarai a faranti, a sa jan rini mai kama alli, in ya kama a ce an yi ƙashi. Alhali matattun ƙwayoyi ma suna tara alli. Paolo Bianco na Rum da Pamela Robey ta Amurka sun yi shekaru suna nanata cewa rini a faranti ba hujja ba ce, kuma ina ganin gaskiyarsu. Wannan ya shafi majinyata kai tsaye, domin a ƙasashe da dama ana sayar da allurar irin waɗannan ƙwayoyi da sunan maganin cututtukan da ba a taɓa tabbatar da suna warkarwa ba. Caplan da kansa, a 2017, ya nemi a sauya sunan.

Waɗanda suka ci gaba da gaske, tsohuwar hanyar suka bi. A 2007 ayarin Bianco ya gano cewa a ɓargon ɗan Adam waɗannan ƙwayoyi suna kwance a bayan bangon ƙananan jijiyoyin jini, kuma hujjarsu dashe ne a jikin ɓera: ƙwayoyin suka gina ƙashi mai ɓargo, aka sake ciro irinsu daga cikinsa. A Stanford, Charles Chan da Michael Longaker sun ware uwar ƙwayar ƙashi ta ɓera a 2015, ta ɗan Adam a 2018, da na'urorin tantance ƙwayoyi na zamani. Duk da haka, da za su tabbatar, ƙarƙashin tantanin ƙodar ɓera suka cusa su. Nasu ƙwayoyin sun ba da ƙashi da guringuntsi da shimfiɗar ɓargo, amma ba su ba da kitse ba, alhali na Bianco suna bayarwa. Ko iri ɗaya ne aka kama a matakai daban-daban na rayuwa, ko kuwa ƙashi yana da iyaye fiye da ɗaya, har yanzu masu bincike na kan tantancewa.