Sarƙa 428: Maganin Hawan Jos Ga Ƙaramin Mashin

Duk mai ƙaramin mashin a ƙasar Jos da har yanzu yake fama da sarƙa mai lamba 420, wallahi ana shagali babu shi! Na mayar da tawa 428, na ɗauki kaya, na yi goyo, na bi hawa da gangara, kuma ina faɗa da babbar murya: a duk gyaran da za ka kashe wa roba-roba kuɗi, babu wanda ya kama ƙafar wannan.

Jos ba Kano ba ce, inda hanya take shimfiɗe. Garin yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga teku, kuma iska a irin wannan tsayi ba ta da kauri, don haka inji yakan rasa wajen kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa tun kafin ya motsa. Ga duwatsu, ga hanyoyin da ruwan damina ya zaizaye. Gaskiya ne tun 2012, zamanin Gwamna Jonah Jang, aka hana acaba a cikin Jos da Bukuru, amma a ƙauyukan kewaye mashin ne ke fito da kabeji da tumatir da buhunan dankalin turawa zuwa bakin titi kafin su iso kasuwar Farin Gada. Nauyin nan kaf a kan sarƙa yake ƙarewa.

Ita sarƙa ba miƙewa take yi ba idan ta tsufa. Ƙusoshin da ke cikin gaɓoɓinta ne ke cinyewa, kowace gaɓa ta ɗan saki, sai tsawon ya ƙaru. Bakaniken da ya yi mini aikin ya nuna mini a fili: ya kama tsohuwar ta bayan sifiroket ɗin baya ya ja, sai ga rabin haƙori a waje, har haske na ratsawa. Haƙoran kuwa sun fiƙe sun lanƙwashe kamar ƙaho. Ya ce, "Oga, wannan ko ka ɗaure ta yau, jibi za ta sake saki." Mai son awo ma yana da hanya: gaɓa 20 a sabuwar sarƙa milimita 254 ne, idan ta kai wajen 259 ta gama aiki.

Abin da ya fi burge ni shi ne sauƙin canjin. Da 420 da 428 tazarar gaɓoɓinsu ɗaya ce, rabin inci, wato milimita 12.7. Bambancin yana a jiki: faɗin cikin 420 bai wuce milimita 6 da ɗoriya ba, na 428 kuwa ya kusa 8, kuma 'yan gangunan da ke hawa haƙora sun fi kauri. Idan ka samu mai harafin H a ƙarshe, 428H, to ƙarafunan gefenta ma sun fi kauri. Ka ɗora su biyun a tafin hannu, nauyi kaɗai zai gaya maka wacce ce babba. Nauyin da a da yake cin siririn haƙori yanzu ya bazu a kan mai faɗi, shi ya sa ba ta saurin saki.

Sharaɗi ɗaya ne: a canza su uku tare, sarƙa da sifiroket na gaba da na baya, duka masu lamba 428. Sabuwar sarƙa a kan tsoffin haƙora asarar kuɗi ce. A kuma duba murfin sarƙa, kada mai faɗin ta riƙa gogarsa.

Sai kuma inda daɗin yake! Tunda an riga an kwance, sai a ƙara haƙora a baya. Mai haƙora 14 a gaba da 36 a baya, idan ya koma 40, ƙarfin jan tayarsa ya ƙaru da kusan kashi 11 cikin 100, kusan daidai abin da tsayin Jos ya ƙwace wa injin. Kai, abin sai wanda ya hau! Hawan da a da sai na koma giya ɗaya inji na kuka, yanzu a giya biyu nake haye shi da goyo. Tashi daga tsaye babu shan kuloci, ƙarar kacau-kacau ta ɓace, kana murza totur taya na amsawa nan take. A gangara ma giya tana riƙe mashin, birki ya samu sauƙi.

Kowa ya ci zomo ya ci gudu: saurin ƙarshe zai ragu da kusan kashi ɗaya cikin goma, a doguwar kwalta kamar hanyar Bauchi inji zai ɗan ƙara shan mai, kuma sarƙar za ta buƙaci ƙarin gaɓa biyu ko makamancin haka. To, ina ruwan mai hawan dutse da tsere?

Wajen saye a buɗe ido. Sunaye irin su D.I.D da RK na Japan sun yi suna a duniya, shi ya sa masu jabu suka fi kwaikwayonsu. Araha ba ta ado; ka tafi da bakanikenka ya zaɓa. Bayan an ɗaura, a bar mata sakin milimita 20 zuwa 30, sannan rufaffen bakin ɗan makullin mahaɗarta ya fuskanci inda sarƙar ke tafiya. Lokacin hunturu, ƙura takan haɗu da mai ta riƙa cin ƙarfe, don haka a wanke da kananzir a shafa man giya mai kauri, a rabu da baƙin mai.

Maki goma bisa goma na ba wannan canji, da akwai sha ɗaya da na ƙara. 'Yan'uwana mahaya na Gangare da Anguwan Rogo da Rikkos, har zuwa Mangu da Bokkos, idan sarƙarku ta fara kuka kada ku sake sayen irinta. Ku ce a sa muku 428, a ƙara haƙora a baya, sannan ku nemi hawan da ya fi ba ku wahala ku gwada. Gani ya kori ji!