Al'adar Ribaɗi a Kwarin Rima: Wurno, Rabah da Ƙasar Goronyo

Ribaɗi, a fiƙihun Musulunci, shi ne zaman dako a bakin iyaka domin tsare ƙasar Musulmi daga harin abokan gaba, kuma malamai suna lissafa shi cikin ayyukan ibada masu lada. A Daular Usmaniyya wannan hukunci ya zama tsarin kafa garuruwa, musamman a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, lokacin da Gobirawa da Azbinawa suke matsa wa Sakkwato lamba daga arewa da gabas, suna bin kwarin Gulbin Rima domin kawo hari. Wannan ne dalilin da ya sa manyan garuruwan ribaɗi suka taru a wannan yanki, irin su Wurno, da Rabah da Gandi, da kuma Shinaka da ke cikin ƙasar Goronyo ta yau.

Tsarin ginin waɗannan garuruwa ya bi manufar da aka kafa su a kanta. Ana zaɓar tudu mai hangen fadama, a kewaye shi da ganuwa, wato katangar ƙasa mai ƙofofi da ake rufewa da dare, sannan a gina masallacin Juma'a da gidan shugaba da tubali da azara, a ware wurin kasuwa da makarantu. Wurno, wadda Bello ya kafa a wajajen 1830, tana kan tudu ne da ke kallon fadamar Rima, ta yadda mai tsaro zai hango maƙiyi tun daga nesa, manomi kuma ya sami ƙasar noma kusa da ƙofa. Wannan haɗi yana nuna cewa Bello bai ɗauki ribaɗi a matsayin sansanin yaƙi kawai ba, domin ya yi amfani da shi wajen zaunar da Fulani makiyaya wuri ɗaya, ya ƙarfafa musu noma da sana'a da karatu, ya kuma ɗora 'ya'yansa da danginsa a kan garuruwan saboda su zauna tare da jama'a a wurin haɗari.

Abin da ya bambanta Wurno da sauran shi ne ta zama mazaunin Sarkin Musulmi kansa, har daular ta kasance da cibiya biyu, Sakkwato inda hubbaren Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake, da Wurno inda ake shirya yaƙi da gudanar da mulki. Bayan nasarar yaƙin Gawakuke a kan Gobirawa da abokan ƙawancensu a 1836, Bello ya rasu a Wurno a 1837, aka binne shi a can, hubbarensa kuma ya zama wurin ziyara. Ɗansa Aliyu Babba, wanda ya yi sarauta daga 1842 zuwa 1859, shi ma ya zauna a garin, kuma a zamaninsa ne matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya sauka Wurno a 1853.

Da tafiya ta yi tafiya, shugabancin ribaɗi ya rikiɗe ya zama sarautar gado a hannun zuriyar waɗanda aka fara ɗorawa. Rabah ce ta fi nuna haka, domin daga can ne Abubakar Atiku na Rabah, ɗan Bello, ya hau gadon Sarkin Musulmi a 1873, kuma jikan Atikun, Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, an haife shi a garin, ya riƙe hakimcinsa daga 1934 kafin ya zama Firimiyan Jihar Arewa. A Wurno ma hakimi yana riƙe da sarautar Sarkin Sudan har yanzu.

Zuwan Turawa a 1903 ya kawar da buƙatar tsaron iyaka ta wannan hanya, ganuwa ta zaizaye, amma rabin manufar Bello na zaunar da jama'a ya ɗore. Fadamar da mayaƙa suka tsare ita ce yau ake noman shinkafa da albasa da tafarnuwa a cikinta, musamman tun bayan gina madatsar ruwan Goronyo a kan Gulbin Rima a shekarun 1980, wadda take shayar da gonakin rani na yankin.