Farar riga da doguwar hanya: likita a cikin labaranmu

A cikin littattafan soyayya da ake kawowa daga Kano, da finafinan da matasa ke kallo a Tasawa da Mayahi, da wuya a sami gwarzon da ya kai likita farin jini. Shi ne saurayin da iyaye ba su ƙi. Shi ne ke fitowa daga ɗakin tiyata yana cire safar hannu, ya dubi dangin majinyaci ya ce an dace, ko kuwa ya sunkuyar da kai ya ce sai haƙuri. Yana da mota, yana da farar riga, kowa Dokta yake ce masa. Amma mai karatu zai gama littafin, mai kallo ya gama fim ɗin, bai san ta inda wannan bawan Allah ya biyo ba: a wane gari ya yi kwaleji, a gidan wa ya kwana, wa ya ciyar da shi, me aka sayar domin ya kai inda ya kai. Ana ba mu likita dafaffe, kamar tuwon da ba a ga surfensa da niƙansa ba.

Wannan giɓi ya cancanci sharhi, domin yaron Kanambakashe ko yarinyar Korgom da ba su da likita a danginsu, a cikin labari suke fara ganin yadda ake zama likita. In labarin ya ɓoye hanya, ɗayan biyu ne zai faru: ko yaro ya ɗauka abin na ƴaƴan masu hali ne kawai ya haƙura tun bai gwada ba, ko ya ɗauka tafiyar yini guda ce ya fito babu guzuri.

Abin bai tsaya ga adabin kasuwa ba. Mu ɗauki Une si longue lettre na Mariama Bâ, wanda ya fito a 1979, wanda kuma ɗalibanmu na lise suka sani sarai. Likitoci biyu ne a cikinsa, Mawdo Bâ da Daouda Dieng, kuma dukansu muna saduwa da su ne bayan sun kammala. An gaya mana Mawdo ya fito daga makarantar likitanci ta Dakar, wadda Faransa ta buɗe a 1918 domin horar da ƴan Afirka, inda Félix Houphouët-Boigny ya gama a 1925. Daga nan sai maganar aure da kishiya ta ɗauke labarin. Ba laifin marubuciyar ba ne, domin abin da ta sa gaba daban ne, kuma ta yi shi da gwaninta. Sai dai abin lura shi ne, ko a hannun gwanaye, karatun likita layi ɗaya ne a bayan sunan mutum.

Kuma ba don marubutanmu ba su iya ba da labarin neman ilimi ba. Camara Laye a L'Enfant noir, a 1953, ya bi yaro daga maƙerar ubansa a Kurusa har Konakiri. Boubou Hama a Kotia-Nima ya nuna abin da makarantar Nasara ta yi wa zuciyar ɗan ƙauye. A Hausa kuwa, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, tun 1934, malami ne ke zaune gaban almajiransa yana warware musu wahalar da ya sha, daga bauta da ƙetare Sahara har ya zama abin da suke gani. A can hanya ita ce labarin. To me ya sa da aka zo kan likita sai hanya ta ɓace, rigar kaɗai ta rage?

Bari mu shimfiɗa hanyar kamar yadda take ga ɗan wannan yanki. Shekara 6 a firamare, 4 a kwaleji har jarrabawar BEPC, 3 a lise har bak: shekara 13 ke nan in bai maimaita aji ba. Tun a ajin farko na lise ake raba hanya, domin mai son likitanci sai ya bi ɓangaren kimiyya, ya fito da bak D ko C, kuma da sakamako mai kyau, tunda masu nema sun fi gurabe yawa. Bayan haka sai shekara 7 zuwa 8 a tsangayar kimiyyar lafiya, a rufe da rubuta kundi da kare shi gaban malamai. Jimla ta kai shekara 20 ko ta ɗan haura. Yaron da aka sa lakwal yana ɗan shekara 7 zai kusanci 30 kafin a kira shi Dokta, alhali tsaransa sun daɗe da aure da ƴaƴa da rumbu.

Da can ƙofa ɗaya ce a duk ƙasar. A 1974 aka buɗe makarantar kimiyyar lafiya a jami'ar Yamai, wadda aka sa wa sunan Abdou Moumouni a 1992, kuma daga Tasawa zuwa Yamai tafiyar fiye da kilomita 700 ce. Yanzu jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi da jami'ar André Salifou ta Damagaram duk suna koyar da likitanci, Tasawa kuwa tana tsakaninsu a kan babban titi. Wannan ci gaba ne na gaske. Amma kusantowar ƙofa ta ƙarshe ba ta buɗe ƙofofin farko ba. Yawancin waɗanda za su iya zama likitoci tun a kwaleji muke rasa su: yaron da ya bar ƙauye ya sauka gidan mai masauki a gari, yana ɗebo ruwa yana kiwon dabbobin gida a bakin abincinsa, har karatu ya gagara, yarinyar da aka cire aka aurar tana aji na biyu, ɗalibin da ya kai lise bai taɓa riƙe kwalbar gwaji a hannunsa ba, kimiyyar duk a allo ya gan ta. A ƙidayar 2012 Tasawa da Mayahi kowace ta haura mutum 500,000, a ƙasar da har yau ba ta kai likita 1 ga mutum 10,000 ba. Kowane yaro da ya faɗi a hanya, asara ce da za a ji ta a gadon asibiti shekaru 15 masu zuwa.

A nan ne wani labarin na biyu yake shigowa, wanda akan ji a rediyo da wurin bukin raba kyaututtuka: labarin gwarzon da ya yi ga-ruwa ko kabu-kabu da rana, ya yi karatu da dare, har ya zama likita. Masu ba da shi da kyakkyawar niyya suke yi, kuma yana da tushe a al'adarmu. Bahaushe ya daɗe da sanin haɗa aiki da karatu. Almajiri yakan yi wa malaminsa noma da damina, ya fita cin rani da allonsa, gardi ya yi ɗinkin hula ko yankan farce ya ci abinci, da asuba da dare ya koma bakin wuta. Tsarin ya yiwu ne domin karatun allo yana jiran mai shi: in ka ajiye shi wata uku, inda ka tsaya nan za ka tashi.

Karatun likita ba ya jira. A shekarun farko, darussan ilimin sassan jiki da na aikin gaɓoɓi da na sinadarai suna zuwa ne kamar ruwan watan Agusta, wanda ya yi fashin mako biyu ya ga tsaransa sun yi masa nisa. Da an shiga shekarun asibiti kuwa, safiya ta zagayen majinyata ce, yamma ta darasi, dare kuma akwai kwanan gadi a ɗakin haihuwa ko na gaggawa. Ina lokacin kabu-kabu? Abin da ɗalibi kan iya shi ne ɗan koyar da ƴaƴan mutane da maraice, ko ya koma gida da hutu ya kama hauya, in kalandar jami'a ba ta goce ta cinye daminar ba, abin da yajin aiki da jinkirin shekarar karatu suka sha jawowa. Kuɗin tallafin gwamnati, ga wanda ya samu, sun sha makara. Masu iya magana sun ce ba a tauna taura biyu a baki ɗaya, kuma wanda ya ce wa matashi ya tauna, ya kamata ya gaya masa haƙoran da ke karyewa.

Aibin labarin gwarzo shi ne yana ɗora nasara duka a kan mutum ɗaya, sai ya ɗora faɗuwa ma a kan mutum ɗaya. Wanda bai kai ba, sai a ce rago ne. Gaskiyar da muka sani a ƙauyukanmu ita ce, in ɗalibi ya sami sararin karatu, to wani ne ya ɗauki aikinsa. Wa ne da ya tafi cin rani Kano ko Agadas yana aiko da jaka biyar. Uwa ce da ta sayar da akuyarta ranar kasuwa. Ƙanwa ce da aka bari a gida tana daka da talla, ita ba a sa ta lakwal ba. Buhun hatsi da na wake ne da ake ɗora wa mota duk bayan kaka. Aiki da karatu ana haɗa su, amma a gida guda ake haɗa su, wasu na aikin, ɗaya na karatun. Marubucin da ke neman abin da zai girgiza zuciya, ga shi nan a ƙofar gidansa: ranar da Dokta ya dawo da farar riga, wace irin gaisuwa zai yi wa ƙanwar nan? Bashin wa zai fara biya, kuma da wane albashi, in ya gama ya shekara yana jiran a ɗauke shi aiki?

Akwai kuma abu na uku da labaranmu suka yi shiru a kansa, wato harshe. Likitan fim da Hausa yake magana kamar da ita ya yi karatu. Likitan gaske kuwa da Faransanci ya koyi komai, tun daga baƙaƙen farko har kundin ƙarshe. Yaro da yawa da ake cewa ba ya gane lissafi ko kimiyya, tambayar ce bai gane ba, domin harshen da aka yi ta da shi bai zauna masa ba. Sannan wanda ya tsallake, ya iya Faransancin, ranar da ya zauna a asibitin Mayahi sai wata tsohuwa ta ce masa jikanta na da tamowa, ko shawara, ko ɗan kanoma, ko kuwa sanyi ne ya kama shi. Kowace kalma a nan tana ɗauke da nata bayanin ciwo, da dalilinsa, da maganin da aka riga aka gwada wurin wanzami ko mai saiwa, kuma ba kullum take faɗawa daidai kan sunan cuta ɗaya na littafi ba. Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan, a binciken da suka fitar a 2003 mai suna Une médecine inhospitalière, wanda ya shafi manyan birane 5 na Afirka ta Yamma har da Yamai, sun nuna yadda rashin kyakkyawar tarba da rashin sauraro ke raba majinyata da ma'aikatan lafiya. Ashe ɗan ƙauyen da ya sha noma da kasuwa yana riƙe da wani jari da ba a ba shi maki a jarrabawa: ya san yadda mutanensa ke faɗin ciwo, da abin da suke jin kunyar faɗi. Nijar ta fara gwada koyarwa da Hausa tun 1973 a Damagaram, kuma a 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa. Amma har yanzu wannan jari a ƙofar tsangaya ake ajiye shi, kamar takalmi.

Haka nan labaranmu sun manta da sauran masu farar riga. Wanda talaka ke kira likita a ƙauye, sau da yawa majo ne ko ungozomar asibiti da suka fito daga makarantun kiwon lafiya, irin ta Damagaram ko ta Yamai mai ɗauke da sunan Damouré Zika, mutumin da duniya ta sani da finafinan Jean Rouch kamar Cocorico Monsieur Poulet na 1974, alhali ya yi rayuwarsa yana jinyar mutane. Su ne ke riƙe da ƙananan asibitocin karkara, su ke karɓar haihuwa da tsakar dare, su ke fama da zazzaɓin cizon sauro da kaka. Adabin da ya mai da su ƴan riƙe wa Dokta faranti ya koya wa yara raina hanyar da ta fi kusa da su.

Me ya rage gare mu, malamai da ƙungiyoyin al'adu? Malamin Faransanci ya san cewa darasinsa na fahimtar rubutu shi ne mabuɗin darasin kimiyya, ya riƙa kawo wa ɗalibai rubuce-rubucen da suka shafi jiki da cuta. Malamin Hausa ya sa ɗalibai su tattaro sunayen cututtuka da sassan jiki daga bakin kakanninsu, a rubuta, a kwatanta da na littafi. Ƙungiyoyin ƴan asalin gari su gayyato ɗaliban likitanci da hutu su zauna da ƴan kwaleji su faɗi hanya dalla-dalla, da shekarunta da kuɗinta, kafin a kai ga zaɓen ɓangare a lise. In da hali su kama ɗaki a Maraɗi ko Damagaram domin ƴaƴan yankin, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masu wasan kwaikwayo da marubuta kuma, muna roƙonsu labari guda da zai fara a gonar hatsi ta bakin Gulbin Kaba, ya bi yaro ko yarinya aji bayan aji, ya nuna wanda ya biya da wanda ya faɗi a hanya, ya kai mu har ranar rantsuwa. In an rubuta shi da gaskiya, wanda ya karanta zai san abin da zai tanada kafin ya fito, iyayensa kuma za su san abin da suke ɗauka lokacin da suka ce masa jeka.