Tausa a Hannun Makafi: Gata ko Shinge?

A ƙasar Hausa tausa aikin cikin gida ce: ɗa ya matsa wa mahaifinsa ƙafa, jika ya taka wa kakarsa baya. Ba kasafai ake ɗaukarta hanyar cin abinci ba. A Japan da Koriya ta Kudu kuwa, sana'a ce mai makaranta da lasisi, kuma doka ta fifita makafi a cikinta.

Tushen abin a Japan yake, inda ake kiran tausar gargajiya anma. A ƙarni na 17 wani makaho, Sugiyama Waichi, ya shahara wajen magani da siraran allurai har ya zama likitan mai mulkin ƙasar, Tsunayoshi. Da wannan daraja ya buɗe makarantar koya wa makafi allura da tausa. A wancan zamanin, da ake kira Edo, mai tausa kan bi unguwa da dare, sanda a hannu, yana busa 'yar sarewa, mai ciwon baya ya leƙo ya kira shi. Yau sai mutum ya yi karatun shekara uku, ya san ƙashi da tsoka da jijiya, ya ci jarrabawar gwamnati, kafin ya sami lasisi. Tun 1964 gwamnati na da ikon hana buɗe sababbin makarantun tausa na masu gani, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da hakan a 2022.

Koriya ta gaji tsarin a 1913, lokacin mulkin mallakar Japan, ta kuma tsaurara shi: makaho kaɗai ake ba lasisi. A 2006 kotun tsarin mulki ta soke wannan ƙa'ida, tana cewa ta tauye haƙƙin masu gani. Makafi suka fito zanga-zanga, wasu har suka yi tsalle daga gadar Mapo suka faɗa kogin Han a birnin Seoul. Majalisa ta mayar da keɓewar cikin dokar lafiya, a 2008 kotun ta amince.

Gatan ba ƙarami ba ne, domin ya ba makaho abin dogaro da kai da mutuncin mai sana'a. Sai dai yana da tsada. Masu gani da yawa a Koriya suna tausa ba lasisi, kullum cikin fargabar tara, ba kuma mai duba ƙwarewarsu. Shi kansa makahon, da zarar an ce ga sana'arsa, malamai da iyaye sukan daina tambayarsa abin da yake so ya zama.

Ana yawan cewa rashin ido ne ke kaifafa hannu. Tarihin Sugiyama ya nuna horo ne ya yi aikin, kuma horon da ya fitar da gwanin tausa zai iya fitar da lauya ko malami. Muddin tausa ce kaɗai ƙofar da aka buɗe wa makaho, dole ya kare ta da ransa, kamar yadda aka gani a gadar Mapo.