Taswirar Norman Myers da abin da ta tsallake

Idan ka ga ana zuba kuɗin kare halittu a Madagaska, to akwai hannun Norman Myers a ciki. A shekarar 2000, shi da abokan aikinsa sun wallafa a mujallar Nature jerin yankuna 25 da ya kamata a fara cetowa. Kafin yanki ya shiga, sai yana da nau'in tsirrai 1,500 da ba a samu ko'ina sai can, kuma ya rasa kashi 70 na ciyayinsa na asali.

Dabarar ta yi rana, amma duba ma'aunin: bai damu da amfanin da wuri ke yi ba. Shi ya sa fadamun Haɗeja-Nguru, masu ciyar da masunta da saukar tsuntsayen Turai, ba su shiga ba. Kada ka ɗauka duk inda taswirar ta tsallake ba ya bukatar kariya.