Jinjina Ga Kafintan Da Ke Komawa Kan Rufi

A Gyadi-Gyadi da Tarauni, kafintan da ya cancanci yabo shi ne wanda ke komawa kan rufin da ya buga kafin damina ta faɗi. Zafin Afrilu na buɗa kwano da rana, dare ya tsuke shi, har ƙusoshi su saki. Ƙurar hunturu kuwa tuni ta toshe indararo. Irin wannan rufi iskar farkon damina ke yayewa. Wani zai ce ai kwanon sabo ne, kiran kafinta ɓarnar kuɗi ce. To, sabon katako ne ke bushewa ya motsa, gara kuma ba ta tambayar shekarun gida. Ladan wanda ya hau ya ƙara ƙusa bai kai kuɗin silin da ruwan Agusta ya jiƙa ba.