Taswirar da Ta Sa Duwatsun Fagam a Layi

Duk wanda ya karanci ilimin duwatsu a jami'o'inmu akwai zane guda da ya zauna masa a ka: taswirar nan mai baƙaƙen ɗigo da zobba da suka jeru tun daga duwatsun Azbin a Nijar, suka ratsa Damagaram, suka gangaro ta Dutse da Ningi da Jos har Afu a Jihar Nasarawa. Cikin jerin akwai Birnin Kudu, akwai Fagam da Kila na ƙasar Gwaram.

Tushen zanen tsohon aiki ne. J. D. Falconer, a littafinsa na 1911, shi ya raba duwatsun giranit na Arewa gida biyu, tsofaffi da ƙannensu. A 1958 Jacobson da MacLeod da Black suka fito da taswirorin ƙannen, suka nuna yawancinsu zobe-zobe ne. Zanen da ke raka taswirar, wanda ake yanka ƙasa a nuna cikinta, shi ke faɗin dalili: dutse mai aman wuta ya amayar da abin da ke ƙarƙashinsa, kansa ya rufta, narkakken dutse ya bi tsagar da ta kewaye shi ya daskare. Iska da ruwa suka cinye saman, saiwar ta rage. Ita ce manomin Kila ke noma a gindinta, kuma irinta ce ta ba Jos kuza.

Armashin taswirar ya ƙaru da aka fara rubuta shekaru kusa da kowane zobe. Na Azbin sun haura miliyan 400, Dutse wajen miliyan 213, Afu 141. Ido na sauka daga arewa zuwa kudu, lambobin na raguwa, sai mutum ya ga kamar wuta guda ce ke ci a ƙarƙashi, nahiyar na wucewa ta kanta.

A nan nake da ja. Zanen ya fi hujjarsa iya lallashi. Binciken Rahaman da abokan aikinsa na 1984 ya nuna tafiyar ba miƙaƙƙiya ba ce: zobban na jeruwa a gicciye, tsakanin gabas da yamma, sannan a tsallaka kudu a soma wani jerin. Masana ba su daina gardama kan batun wuta guda ba, amma ɗalibi kan haddace hoton ya manta gardamar.

Sannan taswirar da ta haɗiye fiye da kilomita 1,000 a shafi ɗaya ba ta da abin faɗa wa mai haƙa rijiyar burtsatse a Gwaram, wanda damuwarsa inda dutse ya tsage ya riƙe ruwa. Birnin Kudu, garin da aka san shi da zanen shanu a jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa, ya cancanci taswirar duwatsunsa filla-filla, da sunayen da mutanen wurin ke kiransu. Malaman labarin ƙasa na kudancin Jigawa, ku nemi a buga muku ita da Hausa, ku liƙa a aji.